Ruwan Saman da Na Buga da Hannuna

A bangon biron, wato ofishin, da na yi aiki a Filinge akwai wata takarda cikin gilashi, an jera mata halayen ma'aikacin ƙwarai da Faransanci: gaskiya, riƙon amana, zuwa aiki kan lokaci, girmama talaka, da sauran kayan daɗin baki. Shef ɗinmu, shugaban biron, shi ne ya ɗauko ta daga wani taro a Yamai, ya sa aka buga mata ƙusa daidai saman kujerarsa, yadda duk wanda ya shigo zai ga kansa da takardar lokaci guda. Ni ke goge gilashin duk ran Litinin. Wata tsaka ce ke zaune a bayansa, kuma wallahi a biron nan kaf ita kaɗai zan iya yi wa shaidar zuwa aiki kullum.

Ba zan faɗi sunan biron ba. Ba tsoron kowa nake ji ba, na riga na ajiye aikin, sai dai abin da zan ba da labarinsa ni ma da hannuna a ciki. Sakatariya ce ni. Duk abin da aka rubuta da alƙalami, ni ke buga shi a na'ura kafin a sa hannu.

Aikinmu na damina ba shi da wata wahala. An kakkafa ma'aunin ruwan sama a garuruwa, wata kwalbar roba ce mai zane-zane a jiki, a bisa sanda. Duk kwana goma ma'aikacinmu zai hau moto, wato babur, ya zagaya, ya karɓo abin da kowane ma'auni ya nuna, ya leƙa gonaki, ya kawo mini in buga, Shef ya sa hannu, a aika. In kaka ta yi, daga waɗannan takardun ake fitar da jerin garuruwan da damina ta gaza musu. Garin da sunansa ya shiga jeri zai samu hatsi mai rahusa da rani, ya samu iri kafin ruwa ya sauka. Garin da bai shiga ba, a wurin gwamnati ya ƙoshi, ko da mutanensa ganyen jiga suke dafawa.

Wanda ke da zagayen Kurfai wani ne mai son a ce masa Injiniya, ko da yake ban taɓa ganin takardar da ta ba shi wannan suna ba, ni kuwa duk takardun biron na san su. In ya ba da baya mai moto muke ce masa. Mutum ne fes-fes, ga ƙamshi, ga farin takalmi da bai san ƙaya ba. Da an ce zagaye sai ya langaɓe kai ya ce hanya ba lafiya. Gaskiya ne akwai wuraren da ba a shiga a shekarun nan, kuma na san ma'aikatan da suka sayar da rai suka shiga duk da haka. Amma garin da nake magana a kai ba ya cikinsu, mata ma a amalanken jaki suke zuwa kasuwa daga can su koma kafin la'asar. Moton gwamnatin kuwa duk mako sai ya je Baleyara, ya dawo da rago ɗaure a bayansa.

Garin nan na kawuna ne, yayan mahaifiyata. Mahaifiyata aure ya kawo ta Filinge, gidan masu salla, shi kuwa Kawu yana nan kan abin da ya tarar iyayensa na yi. Kafin shuka sai ya yanka jan zakara a gindin wata tsamiya, ba ya ɓoyewa, ba ya kuma kiran kowa. Ranar da aka kai ma'auni garinsu, maigari ya ce a ba shi ya riƙe, don duk garin babu mai riga shi tashi, babu kuma mai kallon sama kamarsa. Mai moto ya kafa sandar, aka ɗauki hoto, ya ce wa Kawu ya riƙa lura da ruwan, zai zo duk kwana goma ya karɓa. Ko sisi ba a ce za a ba shi ba, shi ma bai tambaya ba.

Kawu bai san boko ba, lambobin jikin kwalbar duk zane ne a wurinsa. Sai ya yi dabararsa. Ya samu doguwar igiyar kaba, duk safiyar da ba a yi ruwa ba sai ya yi ƙulli ɗaya. Ranar da aka yi ruwa kuwa sai ya tsoma siririn kara cikin kwalbar har ƙasa, ya yanke shi daidai inda ya jiƙe, ya ɗaure guntun a igiyar, sannan ya zubar da ruwan ya goge kwalbar da bakin rigarsa. Ya kewaye sandar da ƙaya don awaki. In za shi wani gari, sai ya kwana biyu yana yi wa matarsa bayanin yadda ake yankan karan, har ta ce masa ita fa ba yau aka haife ta ba.

Abu biyu Kawu ke alfahari da su a duniya. Na farko irinsa. Wani hatsi ne da ya gada, mai doguwar zangarniya da gashi-gashi a jiki wanda ke hana tsuntsu sakewa. Duk kaka da hannunsa yake zaɓen zangarniyoyin da suka fi cika, ya ɗaure su daban, ya rataye can ƙololuwar rumbu inda ba mai taɓawa. Sauran gidajen garin sun rasa nasu a shekarun wuya na baya, don haka wurinsa ake zuwa a roƙi ɗan abin shukawa. Abu na biyu kuwa ni ce. In na je garin da baƙo a zaune, sai ya nuna ni da haɓa ya ce, "Wagga ɗiyata ce. Biron gwamnati take. Babu takardar da ke hita can sai ta bi ta hannunta." Ina jin daɗin maganar, ba zan yi ƙarya ba.

To, ga yadda ake yin ruwan sama a bironmu. Ran da kwana goma suka cika, mai moto zai fito da kujera gindin dogon yaron da ke tsakar gida, a ɗora shayi. Zai leƙa ma'aunin da ke nan harabar biro, ya ga abin da Filinge ta samu, sai ya zauna ya shiga rabo. Garin da ke kudu ya ƙara masa kaɗan, na arewa ya rage masa kaɗan. Wannan shi yake kira ƙiyasi, yana faɗin kalmar da Faransanci yana lumshe ido. Amma ba nan abin ya tsaya ba. A wurinsa ruwa mai yawa yabo ne, kamar yadda malami ke ba yaron da yake so maki. Garin da aka taɓa yanka masa kaza, sai ya zuba musu ruwa har da ambaliya. Garin da maigarinsu bai tashi tsaye ya gaishe shi ba, sai ya ƙona su da fari. Shef kuwa ba ya tambaya, don yana son a ji a sama cewa damina ta yi kyau a ƙasarsa, sai ka ce shi ke tara hadari.

Duk ɗan ƙasar nan ya san ruwa na iya jiƙa gona ya tsallake ta kusa da ita. Don haka ma aka watsa ma'aunan gari-gari. Mai moto ya sani, a makaranta ma ya koya.

Wata rana ya miƙo mini takarda yana murmushi ya ce, "Madam, garin kawunki na ba su ruwa da kyau fa. Albarkacinki suka ci."

Na yi dariya na ce na gode. Kaico, har da godiya.

Tsakiyar daminar nan aka yi wa Kawu jika, na je suna. Tun daga hanya na fara ganin alama. A Filinge hatsi ya kai ƙugu, can kuwa ko gwiwa bai kai ba, ganye ya nannaɗe ya yi fari-fari, ƙasa na ƙuna ta cikin takalmi. A fili aka yi taron, ba wanda ya nemi rumfa sai don rana. Da aka watse Kawu ya ja ni bayan rumbu ya warware mini igiyarsa. Ƙulli, ƙulli, ƙulli, sai guntun kara da bai kai farce ba, sai kuma ƙulli. Ya ce, "Ɗiyata, ki hwaɗa ma mai motonku shi zo shi ɗauki abinsa. Tun ran da anka kahwa sandar ban sake ganinai ba." Sannan ya ɗaga kai ya dubi ƙololuwar rumbu inda irinsa yake.

Ran Litinin mai moto ya kawo takardar kwana goman. Ina cikin bugawa na zo kan garin Kawu, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, daidai ranar sunan.

Na ce, "Injiniya, ranar nan ina garin. Ko ɗigo ba a yi ba."

Ya ce, "Haba Madam! Ke sakatariya ce ko ma'auni?"

Masu shan shayi suka bushe da dariya. Ya ƙara da cewa Shef na jira, motar da za ta tafi da saƙo ta kusa tashi.

Ina so in ce tsorata ni aka yi, amma babu wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya. Lokacin tashi ne ya gabato, ban ɗora tukunya ba, yara sun kusa dawowa daga makaranta, kuma ba na son a sake yi mini dariya. Na ce a raina lamba ɗaya ce cikin lambobi, wa ma ke karantawa. Na buga, na gyara layin ya miƙe, na kai wa Shef ya sa hannu.

Da kaka jeri ya fito, babu garin Kawu. Abin da suka girbe a shekarar, gida mai mutum goma ba zai kai tsakiyar rani da shi ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina zaune sai na ji sallama a bakin ƙofa. Kawu ne, cikin babbar rigarsa ta shuni wadda ba ya sawa sai da dalili, ya tuɓe takalmi tun daga waje, burgami a kafaɗa, zabo ɗaure a hannu. Na tashi na tarbe shi, na ba shi ruwa. Ya fi awa biyu a kan benci, don Shef na ciki yana magana a waya da wanda ke yi masa gini a Yamai. Da aka ce ya shiga, na bi shi, don Shef ba ya son jin Hausar ƙauye sai an tace masa, alhali a cikinta aka yi masa yaye. Mai moto na zaune gefe yana latsa waya.

Kawu ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya buɗe burgami, ya shimfiɗa igiyar a kan teburin tun daga wannan gefe har wancan, sauran ta zubo ƙasa.

Shef ya janye kujerarsa baya, ya ce, "Mene ne wannan? Laya ce? Madam, gaya wa tsohon nan gwamnati ba ta aiki da tsafi."

Kawu bai jira na fassara ba. Ya ce, "Ba tsahi ba ne, ranka shi daɗe. Tsahina na gida, na san wurinai. Wanga aikinku ne da kunka ba ni."

Ya yi bayani a natse, ƙulli kaza rana ce ba ruwa, kara kaza ruwa ne gwargwadon tsawonsa. Ya ce maigari ne ya turo shi, sun ji an fitar da sunayen garuruwa babu nasu, sun ɗauka ko don ba a zo an karɓi awon ba ne, shi ya sa ya kawo da ƙafarsa. Sannan ya waiga ya ce, "Ina yaron nan da yac ce zai riƙa zuwa? Mun yi ta zuba ido. Na ce ma mutanen gari ba lahiya ba, don mutum ba ya hwaɗin magana gaban jama'a shi ƙi cikawa haka kawai. Ga zabo na kawo mai, a yi mai romo."

Bai gane shi ba, sau ɗaya ya taɓa ganinsa. Na dubi mai moto ina jiran ƙasa ta tsage ya shige. Ina! Sai ya ɗan yi tari, ya dafa ƙirji, ya ce, "Ni ne, Baba. Wallahi jikin ne sai a hankali." Ya miƙa hannu ya karɓi zabon. Da idona na ga ya ɗaga shi yana jin nauyinsa.

Shef ya ce za a duba. Kawu ya yi godiya har sau uku, ya bar mini igiyar, ya ce in adana musu, kayan gwamnati ne.

Da suka fita cin abincin rana, na ciro kwalbar da ke harabar biro, na zauna ina tsoma guntayen karan ɗaya bayan ɗaya ina karanta lamba, ina ƙirga ƙulli ina fitar da ranaku. Igiyar ba ta ɓata ko rana guda ba, har ranar sunan na samu ƙullinta a inda ya kamata. Na buga sabuwar takarda ta gaskiya, na rubuta ƴar wasiƙar neman a gyara jeri, na sa cikin abin da Shef zai sa wa hannu. Ranar na koma gida ina jin kaina wata jaruma.

Washegari Shef ya kira ni, ya ce in rufe ƙofa. Murya ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa ƴarsa nasiha.

"Madam, na san tsohon nan ba ƙarya yake ba."

"To, Shef, a sa hannu mana."

"Ki yi tunani. In na sa hannu a wannan, me na ce game da duk waɗanda na sa wa hannu tun farkon damina? Kuma abokin aikinki fa? Yana da iyali, yana jiran ƙarin girma. Ladabin aiki bai yarda mu tona wa juna asiri a gaban na waje ba."

Na ce, "Mutane ne za su ci irinsu, Shef."

Sai ya juya ya nuna takardar gilashin da ke saman kansa, ya karanto mini layin da ya ce ma'aikaci ya bi matakan shugabanci. Ya ce shi bai ƙi ba, Allah ya kiyaye ya ƙi talaka. Amma sakatariya ba ta ƙirƙiro wasiƙa. Gyaran awon Kurfai dole ya fito daga hannun ma'aikacin da ke da zagayen Kurfai, shi ya rubuto, sannan a duba. Wato in kai ƙarar ɓarawo wurin ɓarawon, ya sa mini hannu. Ya faɗi wannan fuskarsa ko gezau, har yana gyara zaman alƙalumansa a kan tebur.

Na kai wa mai moto. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce da Zabarmanci in yi haƙuri, zai duba. Sau uku ina tuna masa. Na ukun na tarar da takardar ƙarƙashin tiren shayi, ta sha zoben kofuna. Kafin mako ya zagayo aka ce an rufe jeri.

Akwai sauran ƙofa ɗaya, kuma ni na rufe ta. Wasu manya sun zo daga Yamai duba aiki, aka yanka musu rago, ina jin cikin na Baleyara ne. Ɗaya daga cikinsu, wata mace mai gilashi, ta tsaya a teburina ta ce, "Madam, aiki lafiya? Babu wata matsala?" Igiyar Kawu na cikin aljihun teburin, gwiwata na taɓa shi. Shef na tsaye a bayanta yana murmushi. Na ce, "Sai alheri." Ta yaba tsaftar takarduna, ta wuce.

Da rani motocin hatsi suka fara fita. Ta mararrabar garin Kawu suke bi su wuce. Abin da ya fi ba ni haushi, cikin garuruwan da aka kai wa har da wanda rumbunansa ke cike taf, don maigarinsu ne bai tashi ya gaida mai moto ba, aka hukunta su da fari a takarda. Su suka samu hatsi da iri, waɗanda suka ci albarkacina kuwa suka samu anza. Samarin garin Kawu suka watse cin rani. Mata na jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki suna sauya ruwa don ɗacin ya fita. Na aika da abin da zan iya, amma gidan Kawu babba ne, ga jikokin da iyayensu suka tafi suka bari. Ni kaina ban je ba. Kullum sai in ce aiki ya yi yawa, ni da ke biron da tsaka ta fi kowa aiki.

A shekarar aka ƙara wa mai moto girma. Ni na buga takardar yabonsa, har da wurin da aka ce ya san ƙasarsa gari-gari.

Wata safiya mahaifiyata ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado. Can ta ce, "An sauko da irin yaya."

Sai da hadari ya fara haɗuwa na yi ƙarfin halin zuwa. Na sayi iri a kasuwa, irin da kowa ke saya, ba a san gonar da ya fito ba. Matar Kawu ce ta tarbe ni, ta rame har zanenta na zagaya ta sau biyu. A bakin murhu ta ba ni labari. Ta ce sai da yara suka kwana biyu ba abin da ya shiga cikinsu sai ruwan anza, sannan ya hau rumbun da kansa ya miƙo mata damman, bai bar ko zangarniya ɗaya ba, ya ce in ya bari zai riƙa kallonta yara na kuka. Ranar da ta sa a turmi ya bar gidan tun safe don kada ya ji ƙarar taɓarya. Furar da aka dama kuwa ko kurɓa bai yi ba.

Na same shi bayan gida yana gyara ƙayar da ke kewaye da ma'aunin. Ya ji daɗin ganina, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na ajiye masa buhun, ya kwance, ya ɗebi tsabar ya murza a tafin hannu, ya shinshina, ya ce to, Allah shi yi albarka. Muka zauna a inuwar rumbun da babu komai a ciki.

Can ya ce, "Ɗiyata, akwai maganar da ke damuna. Maigari ya je ya bincika, anka ce mai wai a takarda an rubuta mun samu ruwa mai yawa ran sunan jikana. Ke kuwa kina nan ranar."

"Ina nan, Kawu."

"Yauwa. Shi na hwaɗa musu. Mutane sun yi ta surutu, na tashi gaban kowa na ce wagga takarda ba daga bironku ta hito ba, can Yamai anka haɗa ta. Na ce musu babu takardar da ke hita bironku sai ta bi ta hannun ɗiyata."

Ya zuba mini ido yana jira in ce haka ne. Da na ce haka ne, da ya yarda har ya mutu. Na dubi ƙasa.

Na ce, "Ni na buga ta, Kawu."

Bai yi faɗa ba, bai tambaye ni dalili ba, ni kuwa ga dalilai na tara tun daga Filinge. Ya daɗe yana kallon tsabar da ke hannunsa, sannan ya mayar da ita cikin buhun a hankali, ya karkaɗe tafinsa don kada ƙwaya ɗaya ta faɗi. Ya ce rana ta yi, in shiga ciki in sha ruwa. Ya tashi ya ɗauko sabuwar igiyar kaba da ya tufka, ya rataye ta a jikin rumbu kusa da wuƙarsa.

Da la'asar wani baƙo daga Bonkuku ya biyo neman raƙuminsa da ya ɓata, ya zauna shan ruwa. Ya gan ni ya tambayi Kawu ko wace ce. Kawu bai ɗaga kai daga ƙayar da yake ɗaurewa ba.

Ya ce, "Ɗiyar ƙanwata ce. Filinge take."